Zuwa Ga Matasan 'Yan Fim Na Jikwoyi: A Fara Horar Da Jiki



Magana ce a kan fim ɗin ban tsoro mai labarin zamanin da. Roƙona ɗaya ne: ku horar da jiki kafin ku nemi mai kwalliya. Farar hoda da jan ido da ihu ba sa razana kowa, muddin takun ɗan wasan na mai saurin tare motar Nyanya ne.

A fim ɗin Nosferatu na 2024, wanda Robert Eggers ya ba da umarni, Lily-Rose Depp ba ta dogara da kwamfuta ba wajen nuna macen da wani abu ya shiga jikinta. Marie-Gabrielle Rotie ce ta horar da ita, da dabarun butoh, rawar da ta ɓullo a Japan a 1959. Mu kuwa ba sai mun je nesa ba, ga bori nan. Ba cewa nake ku shiga bori ba, Allah Ya kiyaye, amma ku nazarci yadda masu abin ke bambanta iskoki da motsi kaɗai. A cikin iskokin, idan Malam Alhaji ya hau mutum, sai baya ya ranƙwafe, tari ya zo a raunane, yatsu na jan carbi. Kuturu kuwa a naɗewar yatsu ake gane shi. Ko ba a faɗi suna ba, kowa a fage ya san wa ya zo. Wannan ƙwarewar nake so ku kai: mai kallo ya gane daga kafaɗa da wuya cewa wannan jikin ba na mai shi ba ne yanzu.

Sai maganar zamanin da. Ku nemi fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ku dubi zama da durƙuso. Babbar riga da rawani suna rage wa mutum sauri. Macen da ta saba ɗaukar tulu ba ta tafiya da kai a sunkuye. Ku yi gwaji da kayan a jiki, ba takalmi, makonni kafin ɗauka.

Faɗuwa kuma a koye ta a kan katifa, a hankali, da mai lura a gefe. Na roƙe ku, kada wani darakta ya sa ku yin jifa irin ta bori, wato faɗawa ƙasa a zaune, a kan siminti. Ƙugu ba ya yafiya.

Wassalam.

Naku,
Mai kishin sana'arku