Ƙabar Cibiya da Juna Biyu: Ki Yi Tambaya Kafin a Sa Miki Raga

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kin ga cibiyarki ta kumburo, ko wani ƙullutu ya fito a tabon tiyatar haihuwa da aka taɓa yi miki, wataƙila ƙaba ce. Wato naman jikin ciki ya yi rauni, kitse ko hanji ya leƙo ta wurin. Tiyata ce maganinta. Sau da yawa likita kan shimfiɗa wata 'yar raga ta roba a wurin, ta zauna a jiki har abada, don kada ƙabar ta dawo.

Ragar tana da amfani, amma tana da nata haɗari. Takan jawo tabo mai tauri, ko jijiya ta maƙale a ciki, ciwo ya ƙi tafiya. Ƙa'idojin da likitocin ƙaba na duniya suka fitar a 2018 sun ce mutum 10 zuwa 12 cikin 100 da aka yi wa aikin ƙabar matsematsi suna fama da ciwon da ya wuce wata 3. Ke kuma ga ƙari: raga ba ta miƙewa kamar naman jiki, don haka tana iya sa ciwo idan wani cikin ya tsufa.

A ganinmu, ƙabar da ba ta damunki ba abin gaggawa ba ce. Shawarar ƙungiyoyin likitocin ƙaba na Turai da Amurka ta 2020 ita ce a jinkirta aikin har bayan haihuwar ƙarshe. Kafin ki sa hannu a takardar tiyata, ki tambayi likita: zan iya jira? Ɗinki kawai zai wadatar? In ina son ƙara haihuwa fa? Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Amma idan ƙullutun ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, a garzayo asibiti ko da tsakar dare ne. Hanji ne ke iya shaƙewa.

Maigida da iyaye, in an yi aikin, wata 3 ya wuce tana kukan ciwo, kada ku ce raki ne ko ku bar ta da haƙuri. Ku dawo da ita a duba.

Allah ya sauke ki lafiya.