Bindiga Ba Ta Hana Kisa

'Yan'uwa, daga rassanmu na Maraɗi da Tawa tambaya ɗaya ke ta zuwa: in jam'iyya ta samu iko, za ta riƙa harbe mai kisan kai? Mun amsa: a'a. Ga dalili, kuma daga ƙasarmu muka ɗauko shi.

A watan Oktoba 1964 gwamnatin Diori Hamani ta harbe 'yan Sawaba huɗu a Yamai, a bainar jama'a, don kowa ya ga aya. Wata shida bayan haka, a Afrilu 1965, aka jefa wa Diori gurneti a masallacin idi, yaro ya mutu. Ina tsoron da aka ce harbi zai sa? A 1976 Seyni Kountché ya harbe waɗanda suka nemi kifar da shi. A 1983 wasu suka sake gwadawa. Waɗannan mutane ne masu zama su yi shawara, su auna riba da hasara. To, balle wanda ya zaro wuƙa a bakin rijiya, ko a kan iyakar gona, zuciya ta rufe masa ido? Wannan ba ya tuna kundin doka. Abin da ke tsayar da hannun mugu shi ne sanin cewa lalle za a kama shi, kuma kuɗi ba za su fid da shi daga kaso ba.

Sa'an nan a duba wa ake yanke wa hukuncin. Talaka ne, wanda ake yi wa shari'a da Faransanci, yana jin ransa ta bakin tafinta. In tafinta ya karkace, ko shaidu suka ci hanci, wa zai tono kabari ya ba shi haƙuri?

Malamai za su ce akwai ƙisasi. Gaskiya ne, ba mu ja da su. Amma shari'ar Musulunci ta sa wuƙar a hannun magada, ta buɗe musu ƙofar diyya da ta afuwa. Dokar da muka gada daga Nasara ba ta san wannan ƙofa ba, kuma Faransa kanta ta soke hukuncin kisa tun 1981.

Tun 1976 ba a sake zartar da shi a Nijar ba, amma yana nan rubuce, alƙalai suna furta shi. Muna neman a share shi daga doka. Kowane reshe ya karanta wannan takarda a taron ranar kasuwa, a gayyaci liman, sakatare ya aiko mana da abin da aka ce.