Motar Da Ta Kai Majinyaci Jiya, Wa Ya Wanke Cikinta?

Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Tinyer da Ngaundare, da Galim, da Mayo-Baleyo, ya san cewa mota ba ta shigowa garin nan da launinta na asali. Da rani jar ƙura ce ke lulluɓe ta, da damina kuwa taɓo ne har saman tayoyi. Shi ya sa ba mu wasa da wankin mota. Amma a dubi irin wankin da muke yi: a watsa wa jiki ruwa, a goge gilashi ya yi ƙyalli, a kakkaɓe tabarmin ƙafa, a rataya ɗan turare a madubi, shi ke nan an gama. Cikin motar, inda mutum zai zauna sa'o'i yana shaƙar iska, ba wanda ya tambaya. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Motar haya a ƙasar Faro da Deyo ba ta da aiki ɗaya. Yau ta ɗauki fasinja, gobe ta ɗauko nono da man shanu daga ruga, jibi kaji da ɗanyen nama. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, sau da yawa ita ce ke kai majinyaci Ngaundare, ita ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare, wani lokaci kuma ita ke dawo da gawa. Jini da amai da fitsarin yara duk suna sauka a kan kujera, kujera kuwa soso ce, sha take yi. Abin da aka goge da tsumma a sama ya riga ya nutse ƙasa, washegari kuma dattijo ya zauna a wurin da farar rigarsa ta Juma'a.

Mu da muka zauna gaban malamai muka karanta Ahalari da Ishmawi da Risala mun san cewa da babin tsarki ake fara karatu. A mazhabarmu ta Malikiyya najasa ba ta gushewa sai da ruwa mai tsarki, kuma sai ainihinta ya fita. Abin da ake rangwame a kansa shi ne launi ko warin da ya gagari wanki bayan an yi iya ƙoƙari. Turare ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Abin mamaki, mutumin da ba zai yi salla a kan tabarmar da yaro ya ɓata ba, shi ne zai jingina da kujerar da bai san tarihinta ba tun daga tasha har masauki.

Wankin ciki sana'a ce mai ƙa'ida, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suke ɓarna. Wasu samari, don nuna ƙwazo, sai su kwarara bokitin ruwa a cikin mota. A ƙarƙashin kafet akwai wani kauri mai kama da bargo wanda ke riƙe ruwa kwana da kwanaki, musamman a nan tudun Adamawa inda damina ke da tsawo, rana kuma ke ɓuya. Daga nan fumfuna ke tashi, da warin nan da ba ya jin turare, ƙarfen ƙasan mota ya fara tsatsa, wayoyin da ke bi ta ƙarƙashin kujeru su jiƙe. A motocin da ake shigo da su ta Duwala ko Kwatano, cikin wayoyin nan har da na jakar iskar da ke kare mutum lokacin haɗari, don haka gwani ba ya kwance kujera sai ya cire kan batir tukuna. Yakan fara da busasshen aiki, ya zuƙe ƙura da inji ko ya share da buroshi, domin jar ƙasarmu in ta haɗu da ruwa rini take zama. Sannan ya bi tabo ɗaya bayan ɗaya da kumfa da ruwa kaɗan, ya tsane, ya fitar da abin da ke fita ya shanya, ya bar ƙofofi a buɗe har komai ya bushe ƙarau. Ɗinkin kujera kuma sai an duba shi da kyau, nan ne maɓoyar kuɗin cizo.

Inda aka yi amai da gudawa kuwa, sabulu kaɗai bai isa ba. Arewacin Kamaru bai manta da kwalarar 2010 ba. Ma'aikatan lafiya suna amfani da ruwan Javel mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari a kan amai da bayan gida, da mai kashi 0.2 a kan wuraren da aka taɓa. Yana cin launin yadi, ba a kuma gauraya shi da wani maganin wanki domin hayaƙin da ke tashi guba ne. Mai wankin yana bukatar safar hannu, yana bukatar wanda zai nuna masa awon. Ruwan da ya fito daga irin wannan wanki kuma bai kamata ya gangara rafin da mata ke wanki, shanu ke sha ba.

Mun san abin da direbobi za su ce, kuma suna da hujja. Motar da ta wuni a shanye ba ta kawo ko dala, ga mai, ga gyara, ga balas ɗin mai mota. Amma hanyoyinmu da kansu suna tilasta wa kowace mota kwana a gareji lokaci zuwa lokaci. Ranar da bakanike ke ƙarƙashinta, me zai hana mai wanki ya kasance a cikinta? Wanda ya ɗauki shatar mota don majinyaci ko gawa kuwa, a sa kuɗin wankin cikin ciniki tun farko, kowa ya sani, kada a bar wa direba shi kaɗai.

Saura mu da yadda muke kallon yaran da ke wannan aiki. Mukan kira su da "kai yaro", mu yi ta ja-in-ja a kan ɗan abin da za mu ba su, alhali mun bar musu mota da kuɗi da takardu da waya a ciki, mun dawo mun tarar da kayanmu cif. Wanda aka ba irin wannan amana ya wuce a raina shi. Mu Hausawa a garin nan ba mu da yawa, da sana'a da riƙon amana aka san iyayenmu a ƙasar Lamido, wanzami da mahauci da baduku kowa da sarkinsa da ladabin aikinsa.

Shawararmu ga shugabannin tasha da dattawan unguwa ita ce a zauna a tsayar da magana ɗaya: motar da ta ɗauki mai amai da gudawa, ko mai zubar jini, ko gawa, ba za ta shiga layin lodi ba sai an wanke cikinta ya bushe. A zaɓi samari biyu ko uku a roƙi ma'aikatan asibiti su koya musu awon Javel, a haɗa kuɗi a saya musu safar hannu da injin zuƙar ƙura ko da na hannu ne, su riƙa biya a hankali daga abin da suke samu.