Wayar Salula Ba Ta Raino

Kwanakin baya na ziyarci wani aminina, babban ma'aikaci a Kaduna, na tarar da 'ya'yansa uku kowa ya duƙufa a kan waya, har da ɗan shekara uku. Na ce musu, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba wanda ya san ana amsawa da "Ta zo mu ji ta." Abin ya tsaya mini a rai.

Mu 'yan boko muna kashe maƙudan kuɗi a makarantu masu tsada, amma mun kasa ware wa yaro rabin awa. Alhali tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin.

Makarantar farko tana tsakar gida. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana koya wa yaro sauraro da iya magana. Kacici-kacici yana wasa masa ƙwaƙwalwa. Uwa ta sa shi ƙirga wake, ya ga gwangwani nawa ke cika mudu. Lissafi ke nan. Uba ya shuka gyaɗa tare da shi, su riƙa duba tsironta kowace safiya; kimiyya ke nan.

Wani zai ce aiki ya yi yawa. To, iyayenmu noma da fatauci ba su hana su hirar dare da mu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da dare, mu ajiye waya, mu shimfiɗa tabarma.