Macijin Ƙarfe, ɗan gidan da ya ƙi yarda da kaye



Duk wanda ya taɓa zama bisa benci cikin gidan bidiyo a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya san tambayar farko da yaro ke yi wa wanda ya riga shi shiga: wane ne akta, wane ne shef bandi? In ka tsallaka iyaka zuwa Illelar Najeriya, cikin jahar Sakkwato, sai ka ji ana ce masa bos, amma mutumin ɗaya ne, wato mugun da fim ba ya ƙarewa sai an ga bayansa. A da kaset ne ke tsallako iyaka daga kasuwannin Sakkwato da Kano. Yau wayar salula ta karɓi wannan aiki, kuma bayan fina-finan Sin da na Indiya, yaranmu sun ƙaru da jarumawan da aka haifa cikin littattafan zane na Amurka. Iyaye da malaman lakwal da dama suna kukan cewa ba abin da ake koyo ciki sai naushi da shuri. Kukan nasu yana bisa hanya. To amma a wannan mako bari mu ƙyale akta ya huta, mu dubi shef bandi, domin sau da yawa a wurinsa darasin yake.

Littafin zane, wanda Faransawa ke kira bande dessinée, ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Magabatanmu da suka yi lakwal tsakanin shekarun 1960 da 1980 sun karanta Akim da Zembla da Blek, sun kuma karanta Kouakou, mujallar yara da aka soma bugawa a 1966 domin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Wani kamfani na birnin Lyon mai suna Lug ya riƙa fassara labaran kamfanin Marvel na Amurka cikin mujallu irin su Strange da Titans. A ƙasashe masu Ingilishi kuwa, har da Najeriya, daga 1968 zuwa 1972 an yi yayin African Film, labari cikin hotuna, inda mai binciken laifi Lance Spearman, gwanin karate, ke fafatawa da Rabon Zollo. Shi Zollo mugu ne irin wanda yara suka saba da shi: ya ƙulla, a kwance, ya tsere, ya sake ƙullawa. Wanda za mu yi magana a kansa yau wani iri ne daban.

A 1973, shekarar da Bruce Lee ya rasu, duniya ta rikice da son kunfu, sai kamfanin Marvel ya ga kasuwa. A 1974 marubuci Roy Thomas da mai zane Gil Kane suka ƙago wani jarumi mai suna Iron Fist, wato Dunƙulen Ƙarfe. A 1975 kuma Chris Claremont da John Byrne suka samar masa abokin gaba, Davos, wanda ake yi wa laƙabi da Steel Serpent, wato Macijin Ƙarfe.

Ga yadda labarin yake. Akwai wani birni ɓoyayye cikin duwatsun Asiya, sunansa K'un-Lun, wanda ƙofarsa ba ta buɗewa sai sau ɗaya a shekara goma. Babbar ɗaukakar da mayaƙi ke nema a birnin ita ce a ba shi izinin karawa da wani dodo mai siffar ƙaton maciji, Shou-Lao. Zuciyar dodon tana cikin wani kasko, tana tafasa kamar narkakken ƙarfe a maƙera. Wanda ya ka da shi ya tsoma hannuwansa cikin kaskon, shi ne zai fito da dunƙulen da ke fasa dutse. Malamin da ke horar da mayaƙan birnin shi ne Lei Kung, Davos kuwa ɗansa ne na cikinsa. A gidan ya tashi, a fagen ya yi rarrafe, kuma tun yana yaro ya sa a ransa cewa dodon nan rabonsa ne, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da ranar gwaji ta zo, sai aka haɗa shi da wani baƙo da birnin ya riƙa, Wendell Rand, baƙon kuma ya yi nasara a gaban jama'a. Davos bai yarda da hukuncin ba. Ya saci jiki ya tafi wurin dodon ba da izinin kowa ba, dodon ya ka da shi, ya bar masa tabo a ƙirji mai kama da maciji, aka kuma kore shi daga birnin. Shi Wendell ya bar K'un-Lun, ya tafi Amurka, ya yi arziki. Da ya ɗauko hanyar komowa da iyalinsa, abokin kasuwancinsa ya ci amanarsa bisa dutse, ya mutu, matarsa ma ta rasa ranta wajen kare ɗansu daga kyarketai. Yaron, Danny Rand, mai shekara 9, shi kaɗai ya isa birnin. Wa ya horar da shi? Lei Kung, uban Davos. Bayan shekara 10 Danny ya ka da dodon, ya zama Dunƙulen Ƙarfe.

Daga nan Davos ya juya gabarsa kan yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba ranar da aka ka da shi. A labarin da aka buga a 1977, ya riski Danny a birnin New York, ya rungume shi ƙirji da ƙirji, ya tsotse ƙarfin nan da ya daɗe yana mafarki. Bai daɗe da shi ba. Ƙarfin ya fi ƙarfinsa, ya cinye shi kamar wutar daji, sannan ya koma wa mai shi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Mai karatu zai lura cewa wannan mugu ba daga wata uwa duniya ya faɗo ba. Malaminsu ɗaya da jarumin, fagensu ɗaya, kokowarsu iri ɗaya. Haka yake a fim ɗin Bruce Lee da aka fi sani a nan da sunan Opération Dragon: mugun, Han, tsohon almajirin makarantar Shaolin ne, wadda ta horar da Lee, ya bijire mata ya mai da iliminta jarin ɓarna. Masu tsara irin waɗannan labarai sun gane cewa ƙiyayyar bare ba ta da zafin ta ɗan gida. Mu ma mun gane, shi ya sa harshenmu ke da kalmar ƴan ubanci.

Adalci ya sa a faɗi cewa kukan Davos bai rasa tushe ba. Labari ne da Amurkawa suka rubuta, inda gadon wani birni na Asiya ya faɗa hannun farar fata, ɗan ƙasa kuma ya zama mugu. Wanda ya tashi a ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ba ya buƙatar a fassara masa wannan. An yi ta muhawara a kai lokacin da Netflix ya mai da labarin fim a 2017, kuma a 2022 kamfanin Marvel ya miƙa laƙabin Dunƙulen Ƙarfe ga wani matashi ɗan Sin, Lin Lie. Sai dai ko da an ba Davos gaskiya a nan, matakan da ya taka zuwa halaka nasa ne. Da farko ya ɗauki haihuwa a matsayin cancanta. Na biyu, ya shiga gwaji da yardarsa, da sakamako ya fito ya ce bai san zance ba. Na uku, ya bi ta bayan gida neman abin da ya kasa samu ta ƙofa. Na huɗu, ya ɗora wa ɗa bashin uba.

Waɗannan matakai huɗu, wane gari ne bai san su ba? Ɗan malam yana gani almajirin da ya zo daga ƙauye da allo da ƙoƙo ya riga shi sauka. Ɗan maƙeri yana gani yaron da aka kawo zuga-zugi ya fi shi iya ƙira. An naɗa ɗaya cikin ƴaƴan sarki, ɗan uwansa ya yi yaji, har jikoki su tashi ba sa gaisawa, ba su kuma san mafarin abin ba. An raba gonar gado, an shafa fatiha, da daminar farko ta faɗi wani ya ture iyaka da dare. Ba a taɓa rasa mai zuga ba, kuma ba a taɓa rasa yaron da za a gadar wa gabar ba.

Abin farin ciki, muna da makarantar da ke koyar da faɗuwa, ita ce kokowa. A nan jahar Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Har yau in an ambaci Kantu, sai an ambaci Salma na Doso da Kadade na Tawa, domin ba a auna gwani sai da irin mazan da ya kara da su. A tsarin gasar, kowace jaha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa 10. Ke nan maza 80 ke shiga, takobi kuwa ɗaya ne, 79 za su koma gida ba shi. Ana ka da mutum a gaban makaɗa da mawaƙa, a gaban gwamna, gidan talabijin na nuna wa ƙasa baki ɗaya. Akan yi gardama da alƙalan wasa, akan yi fushi, amma ƙa'idar tana nan: wanda aka ka da ya tashi ya kakkaɓe ƙasa, ya koma gida ya ƙara shiri, a haɗu baɗi. Ko a dambe, inda ake kiran faɗuwa kisa, wanda aka kashe yau shi ne ke ɗaure hannu gobe. Da ba don Ɗandunawa ba, da waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba ta yi nauyin da ta yi ba. Hausa ta bambanta abokin karawa da abokin gaba. Davos abokin karawa aka ba shi, shi ya mai da shi abokin gaba.

Wanda ke son misali daga wasannin da suka zo mana daga Asiya, ga Abdul Razak Isufu Alfaga. A wasannin Olamfik na Rio a 2016 ya kai karon ƙarshe na taikwando, Radik Isaev na Azarbaijan ya rinjaye shi. Ya karɓi lambar azurfa, wadda ita ce lambar Nijar ta farko tun tagullar da ɗan dambe Isaka Dabore ya samo a Munich a 1972. Ya koma ya ci gaba da horo. Shekara ɗaya bayan haka, a 2017, a Muju ta Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya. Inda Macijin Ƙarfe ya saci hanya zuwa kogon dodo, Alfaga ɗakin horo ya koma.

Tsoron da iyaye ke yi na kwaikwayo kuwa tsoho ne. Tun 1966 marigayi Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru da yawa yana zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Sun ɗauki hula da bindiga, sun bar hankali. Shi wannan Mustafa Alasan bai tsaya ga gargaɗi ba. Ya yi wani fim, Kokoa, da ƴan tsana masu motsi, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokowa a fage irin namu, da makaɗa da ƴan kallo. Ya nuna cewa in ba ka son yaro ya ci tuwon maƙwabta, sai ka ɗora tukunya.

Saboda haka shawara biyu gare ni. Ta farko ga iyaye da malamai. Ƙwace salula kaɗai ba ya magani, domin yaro zai gani a hannun abokinsa. In ka same shi yana kallo, tambaye shi abin da ya mai da shef bandi mugu, da inda ya kamata ya tsaya bai tsaya ba. Za ka yi mamakin amsar da ɗan shekara goma sha biyu zai ba ka. Ka kuma tuna da Lei Kung. Ya tsaya bisa doka ko da ta hau kan ɗansa, wannan abin yabo ne. Amma yaron da ya faɗi jarrabawa, ko ƙanensa ya wuce shi, yana buƙatar hannun da zai ɗaga shi tun ƙasa ba ta bushe a jikinsa ba. In gida bai miƙa hannun ba, mai zuga zai miƙa.

Ta biyu ga matasanmu masu baiwar zane, waɗanda ke cika bayan kayensu na lakwal da hotunan jarumawan Amurka da Japan. Labarin Macijin Ƙarfe yana nan a unguwarku, sanye da walki da layu. Ku zana mana ɗan sarkin kokowar wani ƙauye na Adar wanda baƙon yaro ya ka da ranar kasuwar Badagishiri, ku bi shi har gida, ku nuna mana daren da ya kwana yana juyi, da wanda ya zo ya zuga shi, da abin da ya zaɓa da gari ya waye. Ku rubuta shi da Hausa. Masu karatu suna nan tun daga Ƙonni har Sakkwato da Kano.

Ance hassada ga mai rabo taki ce. Abin da labarin Davos ya ƙara mana shi ne halin da mai hassadar ke ƙarewa ciki: ya rasa gari, ya rasa uba, abin da ya sata kuma ya ƙone shi. Allah ya ba mu zuciyar karɓar kaye, ya raba mu da gabar gado.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.