Bos Ma Ɗan Wasa Ne



Makon jiya ƙungiyar wasan kwaikwayo ta zauna don raba wa kowa rawar da zai taka a wasan ranar rabon kyaututtuka. Da Malam ya tambayi wa zai fito a yaron kirki, hannu ya fi goma a sama. Da aka zo kan mugun kawu mai cinye gadon marayu, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce shi kam ba zai yi ba, domin wanda ya fito a ɓarawo bara har yau ana tsokanarsa da sunan a hanyar gida. Haka aka tashi babu kawu. Idan kuwa babu kawu, babu wasan.

Ni a ganina muna yin kuskure. Wanda ya fito a mugu, ko tsoho, ko ɗan aike, ɗan wasa ne cikakke, kuma ya cancanci tafi kamar jarumi. Bari in kawo misali da mutumin da kusan duk gidan da ake kallon fim ɗin Indiya an san fuskarsa: mai manyan idanun nan da kakkausar murya, wanda babana ke kira Mogambo. Sunansa na gaskiya Amrish Puri.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1932, a yankin Punjab na ƙasar Indiya. Yayansa Madan Puri ɗan fim ne, shi ma sai ya tafi birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, yana so ya zama jarumi. Aka gwada shi a gaban kyamara, aka ce bai dace ba. Bai koma gida yana kuka ba. Ya nemi aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata, yana zuwa ofis, yana kuma yin wasan daɓe a gaban jama'a. Wani marubuci kuma mai shirya wasanni, Satyadev Dubey, shi ne ya horar da shi. Shekara da shekaru yana haka. Sai da ya kusa shekara 40 sannan ya fara fitowa a fim. A 1979 ya samu lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, wato hukumar da ke kula da kiɗa, rawa da wasan kwaikwayo a Indiya, saboda aikinsa na daɓe. Lallai mai haƙuri yakan dafa dutse.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, fitowa a bos ce ta ɗaukaka shi. A 1984 Steven Spielberg na Amurka ya sa shi a fim ɗin Indiana Jones and the Temple of Doom a matsayin mugun boka Mola Ram, har ya aske kansa ƙwal saboda rawar. A 1987 ya fito a Mogambo cikin fim ɗin Mr. India. Anil Kapoor ne jarumin fim ɗin, amma ku tambayi iyayenku sunan wa suka fi tunawa. A 1995 kuma ya fito a Baldev Singh, uba mai tsanani a fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol. Tun daga farko yake hana 'yarsa auren wanda take so, sai a ƙarshe, a tashar jirgin ƙasa, ya saki hannunta. Da uban bai yi taurin kai yadda masu kallo za su yarda ba, da sakin hannun bai sa kowa hawaye ba. Ya fito a talabijin ma, cikin shirin Tamas. Kafin mutuwarsa ranar 12 ga Janairu, 2005, yana da shekara 72, ya yi finafinai sama da 400.

Wani zai ce ai kwaikwayon mugu yana koya wa yaro mugunta. Ban yarda ba. Muna yin wasa a makaranta ne don a ga illar mugun hali a guje shi. Ta yaya za a nuna cewa cin dukiyar maraya zalunci ne idan babu wanda zai tsaya ya nuna yadda ake cin ta? Yaron kirkin da kowa ke rububin zama, da wa zai yi haƙuri idan ba a cuce shi ba? Kuma rawar mugu ta fi wuya. Sai ka sauya murya, ka sauya tafiya, ka ɗaure fuska alhali abokanka suna gaba suna yi maka dariya. Idan masu kallo suka ji haushinka, alama ce ka iya.

Saboda haka ina da roƙo uku. 'Yan uwana ɗalibai, mu daina bin mutum da sunan rawar da ya taka. In an sauka daga daɓe, ɓarawo ya koma ɗan ajinmu da sunansa na yanka. Malamanmu, muna roƙo a riƙa juya rawar, wanda ya fito a jarumi bana ya fito a bos baɗi. Sannan ranar rabon kyaututtuka a ware kyauta ko da littafin rubutu ɗaya ne ga wanda ya fi iya fitowa a mugu ko tsoho, don a san aikinsa yana da daraja.

Ni mace ce, ba zan iya zama kawu ba. Amma na je na shaida wa Malam cewa idan za a mai da shi muguwar gwaggo, na ɗauka. Ya ce zai duba kafin zaman ranar Laraba. Idan akwai namijin da ya shirya karɓar kawun, ya zo ya riga ni.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.