Sunan da Aka Ɓoye a Cikin Suna

A makon jiya wata 'yar'uwa da ke aure a Ingila ta rubuto mini cewa 'yarta mai shekara tara ta dawo daga makaranta ta ce a daina kiranta da sunanta na yanka a gaban ƙawayenta, don ba sa iya faɗa, dariya suke yi. Uwar ta ce a daren ko rintsawa ba ta yi ba. Na rasa abin da zan ce mata nan take, sai labarin Sinawan Indonesiya ya faɗo mini a rai, mutanen da hukuma ce da kanta ta raba su da sunayensu.

Sinawa sun yi ɗaruruwan shekaru a tsibiran Indonesiya. Yawancin na farkon maza ne 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar Sin, suka auri matan gari, suka haifi zuriyar da ake kira Peranakan. Da Turawan Holan suka kafa mulki, sai suka kasa jama'a gida uku: Turawa a sama, baƙin Gabas irin su Sinawa da Larabawa a tsakiya, 'yan ƙasa a ƙasa. Tsakiyar nan ba ta yi musu rana ba. A 1740 an kashe Sinawa kusan 10,000 a Bataviya, birnin da ya zama Jakarta a yau.

Bayan Janar Suharto ya karɓe ragamar ƙasar, aka rufe makarantun da ke koyarwa da Sinanci. A ƙarshen 1966 aka fito da ƙa'idar da ta matsa wa Sinawa su ɗauki sunaye irin na 'yan ƙasa. A 1967 aka hana su bukukuwansu a bainar jama'a, har da na sabuwar shekara da suke kira Imlek. Rubutun Sinanci ya ɓace daga allunan shaguna.

To, ga inda dabarar iyaye ta fito. Da yawa sun bi umarni, amma suka cusa tsohon sunan zuriya a cikin sabon. Mai suna Liem ya koma Salim ko Halim. Tan ya koma Tanoto ko Sutanto. Oei ya koma Wijaya. Attajirin nan Liem Sioe Liong, duniya ta fi saninsa da Sudono Salim. Ma'aikacin gwamnati ya ga suna irin na gida ya buga hatimi, kaka kuwa ta san abin da ta ɓoye a ciki, kuma wata rana za ta raɗa wa jikanta.

Sai dai sauya sunan bai sa an karɓe su ba. A gasar Olamfik ta 1992 a Basalona, Susi Susanti da Alan Budikusuma suka ciyo wa Indonesiya zinarenta na farko a tarihi, a wasan badminton. Dukansu jinin Sinawa ne. Susi ta tsaya ana ɗaga tutar ƙasarta tana hawaye, amma a gida irinta sai sun nuna wata takarda ta musamman, SBKRI, kafin a yarda su 'yan ƙasa ne. A watan Mayun 1998, da tattalin arziki ya durƙushe, tarzoma ta ɓarke a Jakarta da wasu birane. Aka ƙone shagunan Sinawa, aka yi wa matansu fyaɗe. Waɗanda aka afka wa ɗin nan, da yawansu ba sa jin Sinanci, ba su taɓa taka ƙasar Sin ba. Sun sallama suna da harshe da biki, duk da haka ranar da aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, ba a manta ƙofar gidansu ba.

Gyara ya zo bayan Suharto ya sauka a ranar 21 ga Mayu, 1998. Shugaba Abdurrahman Wahid, wanda malamin addini ne, ya soke haramcin bukukuwan a 2000. Magajiyarsa Megawati ta mai da Imlek ranar hutun ƙasa, aka fara a 2003. A ƙidayar 2010 mutum miliyan 2.8 suka bayyana kansu a matsayin Sinawa. Amma shekara talatin da 'yan kai sun riga sun yi ɓarna. An sami zuriya guda da ba ta iya karanta sunan kakanta a jikin kabari. A yau wasu jikokin da kuɗinsu suke biyan malami ya koya musu Mandarin, alhali kakanninsu Hokkien ko Hakka suke yi. Ko sun ƙware, ba yaren da aka yi wa iyayensu rarrashi da shi ba ne.

Abin da bai mutu ba shi ne tukunya. Taliyar bakmi, ƙwallon naman bakso, da tahu, wato awara, duk sunayensu daga Sinanci suka fito, kuma yau abincin kowa ne a ƙasar. A Surabaya kuma akwai masallacin Cheng Ho, wanda Sinawa Musulmi suka gina da fasalin ginin ƙasar Sin. Mai sallah a cikinsa Basine ne, ɗan Indonesiya ne, Musulmi ne, babu wanda ya kori wani.

Mu ma labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Akara ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. Hausawan Sudan sun haura shekara ɗari a gaɓar Bahar Azraƙ, amma rikicin 2022 ya nuna har yanzu akwai masu kallonsu a matsayin baƙi.

Don haka 'yar'uwa, ga shawarata. Kada ki yi wa yarinyar faɗa, abin da take ji gaskiya ne, kuma tana son ta zauna lafiya da sa'o'inta. Ki zaunar da ita ki gaya mata wace ce ta ci sunanta, me sunan yake nufi, wa ya yi mata huɗuba. Ki je makaranta ki koya wa malamarsu yadda ake faɗinsa daidai. A cikin gida ki riƙe Hausa ko da Turanci take mayar miki, kunne yana ajiya. Kuma kada ki ce mata ita ba 'yar can ba ce, domin can ta buɗe ido. Ki bar ta ta riƙe biyun. Sinawan Indonesiya doka ce ta tilasta musu, mu kuwa sau da yawa kunya da sakaci ne suke raba 'ya'yanmu da abin da ba wanda ya hana su.

Iyayen da ke zaune a wata ƙasa, ko ma a Legas da Fatakwal, yaya kuke yi da naku? Ku ba mu labari, wata za ta ƙaru. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.